Zaɓen gilashin zum mai faɗi na sinima: abin da mai ɗaukar fim a Damagaram zai duba kafin ya biya kuɗi

Aikin ɗaukar fim a Damagaram yana da wurare biyu da suke tilasta wa mutum neman gilashin kamara mai faɗi. Na farko shi ne ɗakunanmu, domin zaure da shigifa da ɗakin amarya a tsofaffin gidajen Birni da Zango ba su bar wa mai kamara wurin ja da baya ba. Yana yin taku biyu sai bayansa ya taɓa bango. Na biyu shi ne taro, musamman hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, inda ake son dawakai da dogarai da fuskar fada su shiga hoto guda, kuma babu mahayin da zai ja linzami ya jira a sauya gilashi. Wannan ne ya sa zum mai faɗi, wato gilashin da ake matso da hoto ko a buɗe shi ba tare da an sauya gilashi ba, yake kan gaba a jerin sayayyar duk wanda ya riƙi sana'ar nan da muhimmanci.

Kafin a ambaci sunan kowane kamfani, wajibi ne mutum ya san girman sansar kamararsa, wato ɗan farantin cikin kamara da haske yake sauka a kansa ya zama hoto, domin lambar milimita da ke jikin gilashi ba ta nuna faɗin hoto sai an haɗa ta da sansa. Kamarori irin Blackmagic Pocket 6K da Sony FX30 da Canon C70 suna da sansa ajin Super 35, wadda faɗinta yake tsakanin milimita 23 da 26, su kuwa Sony FX3 da FX6 tasu babba ce, kusan milimita 36. A kan Super 35, idan ka tsaya mita 3 daga bango, milimita 18 za ta ɗauko maka kimanin mita 4 na bangon, milimita 11 kuwa za ta ɗauko sama da mita 6. A ɗakin da aka jera gado da kabad da ƙawayen amarya, waɗannan mita biyu su ne bambancin hoton da ya nuna ɗaki da hoton da ya nuna rabinsa. Idan aka ɗora gilashin Super 35 a kan babbar sansa, kusurwoyin hoto za su yi baƙi, kuma a FX3 da FX6 rage sansar zuwa Super 35 yana sauko da aiki daga 4K zuwa HD, wato kaifin hoto ya ragu, saboda haka masu waɗannan kamarori su nemi gilashin da aka ƙera wa babbar sansa tun asali.

Abin da ya raba gilashin sinima da na hoto ba ado ba ne. Ana rubuta haskensa da harafin T, wato hasken da aka auna ya ratsa gilasan ya isa sansa, ba lambar f da ake samowa ta lissafi ba, shi ya sa gilasai biyu da aka ajiye a T4 suke ba da haske iri ɗaya. Zobbansa uku, na fokas da na zum da na ƙofar haske, suna da haƙora masu ma'aunin 0.8 da kowace na'urar jan fokas take kamawa, ƙofar hasken kuma tana buɗewa a hankali ba tare da tsalle ba. Amma a wurina siffar da ta rinjayi duk waɗannan ita ce riƙe fokas: idan aka daidaita fuska a ƙarshen zum sannan aka buɗe zuwa faɗi, fuskar ta zauna tar kamar yadda aka bar ta.

Da wannan ma'auni, wanda nake ba mai kamarar Super 35 shawarar ya saya shi ne Tokina Cinema 11-20mm T2.9. Yana farawa daga milimita 11, inda mafi yawan abokan gasarsa ba su kai ba, kuma haskensa ba ya sauka daga T2.9 tun daga farkon zum har ƙarshensa. Zoben fokas ɗinsa yana juyawa digiri 300, wanda ke ba mai jan fokas sarari ya bi ɗan wasa daga bakin ƙofa zuwa gaban kamara ba tare da hannunsa ya zarce ba. Gabansa milimita 95 ne, ma'aunin da akwatunan tare haske da yawa suke karɓa, yana kuma da zaren filta na milimita 86, nauyinsa bai wuce kilo ɗaya da ɗan ɗoriya ba, don haka gimbal matsakaici, wato marikin kamara mai hana ta girgiza, yana ɗaukarsa, kafaɗar mutum ma tana jurewa daga sallar idi har a sauka daga hawa. Tsawonsa ba ya canzawa idan ana zum, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da hunturu yake cika iska da ƙura daga Nuwamba zuwa Fabrairu, domin gilashin da yake miƙewa yana komawa yana shaƙar iska yana fitarwa kamar zugazugin maƙeri, ƙurar kuwa ba ta fita tare da iskar. Ana samunsa da mahaɗi, wato bakin da ake ɗaura shi da shi a jikin kamara, irin PL da EF da Sony E da MFT. Lokacin da ya fito, kuɗinsa sabo kimanin dalar Amurka 2,500 ne, kafin kuɗin jigila da na duwan.

Yana da rauninsa, kuma gara a san shi tun kafin a saya. Idan rana ta shigo masa kai tsaye, haske yakan wanke hoton ya bar ɗigo-ɗigo, saboda haka a ranar Damagaram akwatin tare haske dole ne. Milimita 20 kuma gajeriya ce, ba ta isa ɗaukar fuska kusa, kuma duk wanda aka ajiye a gefen hoto a milimita 11 fuskarsa za ta miƙe, wanda ba laifin wannan gilashi kaɗai ba ne, ɗabi'ar kowane gilashi mai irin wannan faɗi ce. Mai shi zai buƙaci gilashi na biyu, amma aikin da aka saye shi dominsa yana yin sa ba tare da gardama ba.

Wanda ya cancanci a tsaya a kansa cikin sauran shi ne Sigma Cine 18-35mm T2, wanda ya fito a 2016 da farashin dalar Amurka 3,999. T2 tana shigo da kusan ninki biyu na hasken T2.9, abin da mai ɗaukar bikin dare zai yaba, hotonsa kuma yana da kaifi ƙwarai. Sai dai milimita 18 a Super 35 ba ta ɗauke zaure, zoben fokas ɗinsa digiri 180 ne, kuma girman hoto yakan ɗan motsa idan ana jan fokas. Gilashi ne nagari na biyu, ba na farko ba. Fujinon MK 18-55mm T2.9 bai kai kilo ɗaya ba kuma yana riƙe fokas da kyau, amma shi ma daga 18 yake farawa, kuma ba ya hawa kamarar EF. DZOFilm Pictor 14-30mm T2.8 ya fi Tokina tsayi a ƙarshen zum, ya kuma fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Masu babbar sansa su duba Sony FE C 16-35mm T3.1 G, wanda yake da injin zum kuma yake aiki da fokas mai sarrafa kansa, ko Laowa Ranger 16-30mm T2.9 idan aljihu bai kai ba. Angénieux EZ-2 na Faransa da Zeiss CZ.2 15-30mm na Jamus da Canon CN-E 14-35mm T1.7 kayan haya ne na manyan kamfanoni, kuɗin ɗaya zai sayi kamara da fitilu da na'urar sauti har a sami canji.

Dalilin da ya sa nake ɗora riƙe fokas a kan komai shi ne abin da wani zum na hannu, wanda aka riga aka yi aiki da shi, ya yi mini. Wani dillali ne ya kawo shi, jikinsa babu ko ƙwarzane, ya ce mini, "Malam, wannan ko aiki biyu bai yi ba." Ashe an cire masa mahaɗin PL an ɗaura na EF ba tare da an mayar da siraran farantan ƙarfen da ke ƙarƙashin mahaɗin daidai ba. Ranar hawa na daidaita fokas a kan mahayin gaba, da suka saki dawakai za su yi jahi na buɗe zum don jama'a da fada su shigo, kuma a ƙaramin allon kamara cikin hasken rana komai ya yi kyau. Sai da aka ɗora aikin a kwamfuta aka ga rawuna da kayan dawakai duk sun yi dishi-dishi daga lokacin da aka buɗe zum, hawa kuwa ba a maimaita shi. Tazarar da ke tsakanin mahaɗi da sansa milimita 52 ce a PL, 44 a EF, 18 a Sony E, kuma farantan da ake daidaita ta da su ana auna kaurinsu da kaso cikin ɗari na milimita. Gilashi mai faɗi ya fi kowane gilashi jin wannan kuskure, shi ya sa ƙarshen zum yakan fito lafiya, faɗin ya lalace. Adafta mai arha ma tana haifar da irin wannan ciwo ko da gilashin lafiyarsa ƙalau, don haka gara a sayi gilashi da mahaɗin kamarar da za a yi aiki da ita.

Ha'incin da ya fi yawa a kasuwar hannu shi ne sayar da gilashin hoto da sunan na sinima. Tokina da Sigma duk suna da ƴan uwa na ɗaukar hoto masu lambar milimita iri ɗaya, wato Tokina 11-20mm f/2.8 da Sigma Art 18-35mm f/1.8, kuma na Sigma ya fito ne da dalar Amurka 799, kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin na sinima. Ana ɗaura musu zoben haƙora na roba ko na ƙarfe da faffaɗan baki, a ɗauki hotonsu a gefen kamara mai tsada, a sa a Facebook ko WhatsApp. Gane su ba shi da wuya ga wanda ya san inda zai duba. Na sinima yana da lambobin T a zane a jikinsa da zoben ƙofar haske na gaske. Na hoto ba shi da wannan zobe, kamara ce take buɗe masa haske. Zaren filtar Sigma na hoto milimita 72 ne, na sinima 82. Na Tokina na hoto 82 ne, na sinima 86. Zoben fokas na sinima yana tsayawa cak a farko da ƙarshe. Gilasan hoton nan ba su da laifi idan an saye su da sunansu da kuɗinsu, laifin yana wurin wanda ya canza musu suna.

Sai kuma masu cewa kaya suna Dubai ko suna kan hanya daga Kwatano, a tura rabin kuɗi tukuna. Ba a cinikin biri a sama. Idan mai kaya yana nesa, a nemi ya ɗauki bidiyo yana riƙe da gilashin tare da takarda mai ɗauke da sunanka da kwanan wata, lambar jikin gilashin tana fitowa sarai, sannan a sami amintacce a garin ya je ya gwada kafin sisi ya fita. Farashin da ya faɗi ƙasa da rabin na kasuwa alama ce ta ɗayan uku: kayan sata, ko kayan da suka faɗi ƙasa, ko kayan da babu su. Ga mai saye daga Turai lissafi yana da sauƙi tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ce ba ta motsi, amma mai saye a Kano da naira ya tsayar da farashin canji a ranar da zai biya, a gaban shaida.

Gwajin kansa ba ya cin fiye da rabin awa, kuma da kamararka za ka yi shi, ba da ta mai kaya ba. Ka kafa ta a kan ƙafa, ka manna shafukan jarida a bango, ka buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, ka je ƙarshen zum ka daidaita fokas, sannan ka dawo faɗi a hankali kana ɗauka. Ka duba abin da ka ɗauka a babban allo, ka kwatanta kusurwoyi huɗu. Idan rubutu ya fito a dama ya dushe a hagu, gilashin ya taɓa faɗuwa, gilasan cikinsa sun karkace, kuma gyaran wannan yana nufin aika shi ƙasar waje. Ka fita waje ka auna wani abu mai nisa, hasumiyar masallaci ko duwatsun Birni, ka ga ko yana kamawa daidai kan alamar ƙarshe ta fokas. Ka koma ɗaki mai duhu ka haska tocilar waya ta baya kana leƙawa ta gaba: ƴar ƙura ba ta hana aiki, amma zare-zare fari mai rassa funfuna ce, wadda take yawan zuwa da kayan da suka zauna a garuruwan bakin teku irin Legas da Kwatano da Lome, kuma idan ta daɗe tana cin shafin da ke kan gilashi, gogewa ba ta mayar da shi. Ka dubi ganyen ƙofar haske ko akwai maiƙo, domin zafin Afrilu da Mayu, da yakan haura digiri 40, yana narkar da giris ɗin gilashin da aka bari a mota ya gangaro kansu. Ka dubi kawunan sukurorin mahaɗi. Idan sun ci sukundireba, an buɗe shi, ka tambayi wanda ya buɗe da dalili. Ka juya zobba uku kusa da kunnenka, idan ka ji ƙarar yashi ka ajiye shi.

Filta ma ana yin jabunta da sunayen manyan kamfanoni, kuma jabun filtar ND, wato mai rage hasken da ke shiga gilashi, tana sauya launi tana rage kaifin gilashin da aka kashe wa miliyoyi. A milimita 11 filta mai kaurin baki tana shigowa kusurwoyin hoto, ND mai juyawa kuma takan zana inuwa mai siffar gicciye a sararin sama idan aka matsa ta, saboda haka a gwada filtar a kan gilashin a ranar ciniki, a kuma duba ko lambobin nisa da ke kan zoben fokas da mita aka rubuta su ko da ƙafa, domin ana ƙera iri biyu kuma mai jan fokas a nan da mita yake aunawa. Rasit ya ɗauki lambar gilashin da sunan mai sayarwa da kwanakin da aka yarda a mayar da kaya idan aibi ya bayyana.