Unbound a kan sabar imel: ciwon da yake warkarwa da wanda yake jawowa

Duk mai kula da sabar imel ta ofis, ko a Bompai ko Sharaɗa ko kan titin Zoo, ya san wannan layin a cikin mail.log: "Name service error for name=... type=MX: Host not found, try again". Saƙonni sun taru a layi, oga yana tambayar ina takardar kuɗin da aka tura Legas tun safe, ga intanet kuma lafiya lau a wayar kowa. Postfix, manhajar da ke aika imel a sabar, ba shi da laifi a nan. Ya tambayi DNS, tsarin da ke juya suna zuwa adireshin IP, inda zai kai saƙo, ba a ba shi amsa ba. Manhajar da muke ganin ta cancanci a ɗora saboda wannan ita ce Unbound, mai nemo amsar tambayoyin DNS, ta gidauniyar NLnet Labs da ke ƙasar Holan. Kyauta ce, tana cikin rumbun Debian da Ubuntu, kuma ko tsohuwar kwamfuta ba ta jin nauyinta.

Kafin a ɗora komai, a duba lambar da ke gefen kuskuren. In dsn=5.4.4 ce, an ce wa sabar sunan babu shi sam: ko an yi kuskuren rubutu bayan alamar @, ko mai sunan bai sabunta rajista ba. Unbound ba ya maganin wannan. In kuwa dsn=4.4.3 ce, tambayar ce ta ɓace a hanya ko ta dawo da SERVFAIL, wato sabar DNS ta kasa ba da amsa, kuma Postfix zai riƙe saƙon har kwana 5 yana sake gwadawa. Nan ne aikin Unbound.

Yawancin ofisoshi sabarsu rauta take tambaya, rauta ta tambayi kamfanin layi, kowane cikinsu ya yi tuntuɓe imel ya tsaya. Unbound yana tsallake su: ya tambayi sabobin tushe da ke ƙololuwar DNS, su nuna masa na .ng ko .com, daga nan ya isa ga mai sunan da kansa, ya ajiye amsar don gaba. Bayan apt install unbound, a buɗe sabon fayil a /etc/unbound/unbound.conf.d/, a ƙarƙashin server: a sa interface: 127.0.0.1, prefetch: yes, serve-expired: yes da log-servfail: yes. In layin intanet ba shi da IPv6, a ƙara do-ip6: no. A tantance da unbound-checkconf, a sake tayar da shi, sannan a mayar da /etc/resolv.conf, fayil ɗin da ke faɗin wa za a tambaya, ya zama nameserver 127.0.0.1, wato kwamfutar kanta inda Unbound yake. A Ubuntu wannan fayil ɗin nuni ne kawai zuwa na systemd-resolved mai 127.0.0.53, sai an cire nunin an rubuta fayil na gaske.

Ga inda ake yawan faɗawa rami. A Debian da Ubuntu, Postfix yana aiki ne a keɓe cikin /var/spool/postfix, kuma kwafin resolv.conf da ke /var/spool/postfix/etc/ yake karantawa, wanda ake kwafa lokacin tashinsa. Shi ya sa za ka ga dig, umarnin gwada tambayar DNS, yana kawo amsa tsaf, imel kuma ya ƙi fita. A sake tayar da Postfix, a duba kwafin, sannan postqueue -f don a sake tura saƙonnin da suka taru a layi. Wannan ma shi ne babban dalilin da Unbound ya dace da Kano. Aka ɗauke wuta, batirin inbata ya ƙare, aka tayar da janareta: sabar tana iya riga rauta tashi, ta kwafi resolv.conf babu ko adireshi ɗaya a ciki, ta zauna haka har wani ya lura. Da 127.0.0.1 a rubuce dindindin, wannan ya zama tarihi. Shi kuma serve-expired yana ba da tsohuwar amsa in layi ya yanke na ɗan lokaci, muddin ba a kashe sabar ba, don ajiyarsa ba ta tsallake kashewa.

Riba ta biyu ta shafi saƙonnin da ke shigowa. Masu saurin gyara sukan sa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 su tafi. Amma Spamhaus, mai riƙe da jerin adireshin masu aika saƙonnin shara (spam), ba ya amsa tambayar da ta biyo ta irin waɗannan buɗaɗɗun sabobin, 127.255.255.254 yake mayarwa, ma'ana ya ƙi. Postfix da ba a ƙayyade masa lambobi ba zai ɗauka mai aikowa yana cikin jerin masu shara, ya kori saƙon kwastoma na halal. Unbound yana tambaya da adireshinka, don haka amsa ta gaskiya take zuwa. Duk da haka a rubuta zen.spamhaus.org=127.0.0.[2..11] a cikin reject_rbl_client, kada a bar shi tsirara.

To sai aibinsa, kuma babba ne a garin da wuta ke yawan ɗaukewa. Unbound yana tantance sa hannun DNSSEC, wanda ke tabbatar da cewa amsa ba ta jabu ba ce, kowane sa hannu kuma yana da ranar farawa da ta ƙarewa. In ƙaramin batirin CR2032 na cikin kwamfutar ya mutu, agogo ya koma shekarun baya bayan an kashe ta, duk sa hannu ya zama bai kai lokacinsa ba, kusan kowace tambaya ta dawo da SERVFAIL. Mai gyara agogon ta intanet shi ma sunan pool.ntp.org yake nema, ba zai samu ba. Makulli a cikin ɗaki, ɗakin kuma a kulle. Gwajin mai sauƙi ne: in dig gmail.com MX ya gaza amma da +cd ya kawo amsa, tantancewa ce ta hana. A duba date, a gyara da hannu, a sake tayar da Unbound. Maganin dindindin shi ne a sa wa chrony, manhajar saita agogo, aƙalla sabar lokaci ɗaya da lambar IP maimakon suna, a kuma canja batirin, wanda ana samunsa a Farm Centre. Kada a kashe DNSSEC saboda batiri.

Abu na gaba ƙofa ta 53, wadda tambayoyin DNS ke bi ta hanyoyi biyu, UDP da TCP. Wasu suna buɗe UDP kawai a bangon tsaro. Amsar da ta wuce bayit 1232 ba ta shiga UDP ɗin Unbound, sai ta TCP, kuma tarin bayanan TXT na manyan kamfanoni kan wuce haka. Alamarsa ita ce ƙananan tambayoyi na tafiya, binciken SPF (bayanin TXT da ke nuna sabobin da aka yarda su aika imel da wani suna) na wasu sunaye kaɗai yana gazawa. dig +tcp zai tona shi.

Akwai kuma layukan da ke tare duk tambayar ƙofa ta 53 su amsa da kansu. A gwada dig @198.41.0.4 . NS +norec, wato sabar tushe ta A. Amsar gaske tana da alamar aa a layin flags, ba ta da alamar ra. In ra ya bayyana, wani ne a tsakani, kuma Unbound ba zai yi aiki yadda ya kamata a wannan layin ba. Ana iya tura tambayoyinsa ta ƙofa ta 853 zuwa 9.9.9.9 da forward-tls-upstream, amma fa ribar Spamhaus ta tafi. In da hali, canja layin ya fi.

Kada kuma a ɗora masa abin da ba nasa ba. In Gmail yana korar saƙonka don adireshin IP ɗinka ba shi da PTR, bayanin da ke mayar da lambar IP zuwa suna, sharaɗin da ya ƙarfafa tun Fabrairun 2024, wannan bayanin yana hannun kamfanin da ya ba ka adireshin. dig -x da lambar zai nuna ko akwai shi. In babu, su za a rubuta wa su sa sunan sabar, sunan kuma ya zama yana komawa kan wannan lambar.