Katakon da Ya Dace da Mai Koyon Kafinta: Obeche, Malaina, Maɗaci ko Filawud?

Wanda ya ɗauki aikin katako don sha'awa, yana taɓawa da yamma bayan ya taso daga aiki ko a ranakun hutu, yakan fara zuba kuɗinsa a kan zarto da guduma da sauran kayan aiki, sai ranar da ya shiga kasuwa sayen katako ya tarar bai san abin da zai nema ba. A kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa a Kano, ko a kowace irinta a Kaduna da Zariya, tambayar da mai shago zai fara yi masa ita ce ko fari yake so ko ja, kuma mafi yawan masu koyo a kan wannan tambayar suke tsayawa, alhali akwai wadda ta fi ta nauyi: shin katakon ya bushe?

Dalili shi ne, yawancin katakon da ake sayarwa a Arewa daga dazuzzukan Kudu ake ɗauko shi, kuma sau da yawa yakan iso da ruwansa a jiki. Itace ba ya fara tsukewa sai danshin da ke cikinsa ya sauko ƙasa da kashi 30 cikin ɗari ko kusa da haka, daga nan kuma yana ta raguwa har sai ya yi daidai da iskar wurin da aka ajiye shi. A tsakiyar damina katako kan tsaya a wajen kashi 14 ko 15, amma idan hunturu ya kankama, iska ta bushe ƙayau, yana iya sauka zuwa kashi 5. Wannan tazara ta isa ta rage wa falanki mai faɗin inci 12 rabin santimita ko fiye a faɗinsa, yayin da tsawonsa kusan ba ya motsi. Na taɓa sayen falankai huɗu a watan Satumba daga wani mai shago da ya rantse mini sun shekara a rumfa, na haɗa saman tebur da gam, na shafa masa banish har yana ɗaukar ido. Kafin ƙarshen Janairu wani dare muka ji ƙara kamar an karya kara, da safe na tarar da tsaga a tsakiyar teburin wadda tsinken ashana ke shigewa. Laifina ne kamar yadda yake laifin mai shagon, domin tun ranar da na ɗauki falankan na ji nauyinsu da sanyinsu a tafin hannu, amma na bi rantsuwa.

Idan an fahimci wannan, sai a zo ga zaɓin iri. Obeche shi ne farin katakon da ya fi sauƙin samu da sauƙin kuɗi. Ba shi da nauyi, domin busasshensa bai fi kilo 400 a kowane dunƙule mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri ba, zarto na ratsa shi ba tare da wahala ba, kuma ƙusa na shiga ba ta tsaga shi. Aibinsa shi ne laushi, har farce na iya barin shaida a jikinsa, sukuru ba ya kamawa da ƙarfi, gara da ƙananan ƙwarin da ke huda itace suna barin gari kuma suna sonsa ƙwarai. Ya dace da koyon yanka da haɗa gaɓoɓi, da cikin durowa, da firam ɗin hoto. Ba zan ba kowa shawarar yin ƙafar kujera da shi ba.

Malaina, wadda asalinta daga Indiya da kudu maso gabashin Asiya aka kawo ta aka dasa a gandun daji da bakin hanyoyi, ita ce a ganina ta fi dacewa da aikin farko na gaske. Ta ɗan fi obeche nauyi da ƙarfi, tana karɓar fenti da banish da kyau, kuma idan ta bushe sosai ba ta cika murɗewa ba. Sai dai tana da jinkirin bushewa fiye da yadda launinta ke nunawa, ta yadda waje zai yi kamar ya bushe alhali ciki na jiƙe, saboda haka ita ce aka fi yaudarar mai saye da ita.

Jan katako kuwa suna ne da ya rufe itatuwa da yawa. Akwai maɗacin da muka sani a bakin tituna, mai ɗacin ɓawo, wanda katakonsa ke da nauyi da tauri, akwai kuma 'yan'uwansa na dajin Kudu da ake kira mahogani, waɗanda suka fi shi sauƙi a hannu. Kyansu ba ya buƙatar bayani ga wanda ya taɓa ganin tsohuwar ƙofar maɗaci da ta sha mai, amma jijiyar wannan itace a sarƙe take, wani layi ya nufi gabas wani ya nufi yamma, don haka idan aka zo fere shi da baƙin ƙarfe marar kaifi sai ya riƙa fizgewa yana barin ramuka. Loko, wanda aka fi sani da iroko, ya fi su jure ruwa da gara, kuma shi ne zaɓi ga bencin da zai zauna a tsakar gida ko ƙofar waje. Abu biyu ne ya kamata a sani game da shi: wani lokaci akan sami dunƙulen farar ƙasa mai tauri kamar dutse a cikinsa wanda ke dakushe zarto nan take, kuma ƙurarsa na sa wasu mutane ƙaiƙayi da tari, don haka a rufe hanci idan za a goge shi. Ƙawo da kirya sun fi duka tauri, shi ya sa masassaƙa ke neman kirya don turmi da taɓarya, amma mai koyo da ke aiki da zarton hannu zai gaji kafin ya ga amfaninsu. Kowane jan katako za a saya, a kankare gefensa da wuƙa tukuna, domin akan shafa wa fari kala a sayar da sunan ja, kuma a guji falankin da farin gefen itace ya yi yawa a cikinsa, saboda nan ne ƙwaro ke fara ci ko da a loko ne.

Madobiya tana da kyan da ya jawo mata bala'i. Yawan sare ta ana fitarwa zuwa Sin ya sa aka saka ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don kare tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ke sa ido kan cinikinsu tun daga farkon 2017, sannan taron yarjejeniyar da aka yi a Panama a 2022 ya ƙara da dangin maɗaci da na ƙawo na Afirka. Dokar ta shafi fitarwa ƙasashen waje ne, amma ni dai ba na ganin dalilin da zai sa mai koyo ya lalata madobiya a kan kuskuren awo.

Saura allunan masana'anta, waɗanda ake sayarwa a faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8. Filawud siraran yanka ne na itace da aka liƙa a gicciye, kowane ya saɓa wa na ƙarƙashinsa, kuma wannan saɓani ne ke hana shi tsukewa da hunturu. Mai kaurin milimita 18 ya isa kanta da akwati da jikin wadirof. A duba bakinsa a ƙirga layukan, domin yawansu alamar ƙarfi ce, kuma a ƙi wanda ke da ramuka a tsakani ko wanda fatarsa ta fara ɗagowa. MDF garin itace ne da aka matse da gam, fuskarsa sumul take, fenti na kwanciya a kansa fiye da kowane katako, amma da zarar ruwa ya taɓa bakinsa sai ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, kuma ba ya komawa. A ɗakin da ake wanke ƙasa da bokiti kowace safiya, bai kamata ya taɓa daɓe ba.

Game da gane busasshe, ƙaramar na'urar auna danshi mai allura biyu ita ce ta fi tabbas, kuma inda abokai uku ko huɗu ke haɗuwa suna aiki tare, guda ɗaya ta ishe su, kamar yadda haɗa kuɗi a sayi falankai da yawa lokaci guda ke rage tsadar dako. Wanda ba shi da ita ya yanki ɗan guntu daga tsakiyar falanki, ya auna shi a sikelin kicin, ya rubuta nauyin a jikinsa da fensir, ya riƙa sake aunawa duk mako, ranar da nauyin ya daina sauka katakon ya yi daidai da ɗakin. Kafin nan a jera falankan a inuwa, a ɗaga su daga ƙasa, a sa ƙananan sanduna masu kauri ɗaya a tsakaninsu kusan kowace ƙafa ɗaya da rabi don iska ta ratsa, a ɗora bulo a sama, sannan a shafa tsohon fenti a bakunan biyu domin ta nan ruwa ke saurin fita har ya tsaga itacen.

Lokacin saye ma yana cikin lissafi. Wanda ya sayi falankai masu kaurin inci ɗaya a watan Nuwamba ya jera su yadda aka faɗa, hunturu zai yi masa aikin da tanda ke yi wa manyan kamfanoni, ya fara yanka a Fabrairu ko Maris. Sai dai ya tuna cewa a wannan lokacin katakon yana mafi ƙanƙantarsa, don haka durowa ko ƙofar kabad da aka yi ta cif-cif a Maris za ta cije a Agusta, sai an bar mata sarari na milimita 2 zuwa 3 a gefen da faɗin falankin yake.