Darussan bidiyo na sarrafa katin da aka zaɓa: yadda suka kaya da ni a fadarmu ta hira a Maraɗi

Darussan na wani Bafaranshe ne mai sana'ar siddabarun karta, kuma dukkansu a kan abu guda suke: mutum ya zaɓi kati, ya mayar cikin karta, kai kuma ka kai katin nan sama ko ƙasa ba tare da kowa ya farga ba. Kusan duk wasan "ga katinka" daga nan yake tasowa. Kuɗin ya kama wajen jaka goma sha biyu na sefa, kuma sai da katin banki ake biya, don haka wani ɗan'uwana da ke Yamai ya biya, ni kuma na tura mishi.

Abin da ya ja ni shi ne tallar da ya yi cewa zai koyar da dabarun da suka fi buƙatar ƙarfin hali fiye da saurin yatsa. A nan kam ya cika alƙawari.

Wadda ta fi burge ni ita ce ɗagawar ƙarya. Kartar tana hannunka na hagu, kana karta gefenta da babban yatsa, ka ce wa mutum ya tsayar da kai inda ya ga dama. Ya ce "tsaya". Sai hannun dama ya zo kamar zai ɗauke rabin sama, alhali kati ɗaya tak ya ɗauka, yatsu huɗu sun rufe bakinsa ta gaba. Ka miƙa hannun hagu, ka ɗan sunkuyar da shi, mutum ya ɗora katinsa a bisa, ka mayar da ɗayan nan a kai kamar ka kife rabin karta. Shi a ransa katinsa ya nutse a tsakiya, alhali shi ne na biyu daga sama. Babu wani aikin yatsa mai wuya a ciki. Wuyar tana fuskarka. Malamin ya daɗe a kan wannan, kuma nan ne kuɗina suka fita: inda za ka kalla, lokacin da za ka jefa tambaya don mutum ya ɗago ido ya dube ka, yadda za ka saki kafaɗa, yadda hannun dama zai yi kamar yana ɗauke da nauyi. Ya nuna kansa yana yi da gangan cikin ɗar-ɗar, sannan ya sake yi cikin sakewa. Motsin hannun iri ɗaya ne, amma a na farkon ko yaro zai ce akwai lauje cikin naɗi.

Sai dai ido ba mudu ba ne, ya san kima. Mutanen fadarmu a unguwar Zariya ƴan belot ne, kullum karta na hannunsu, sun san kaurin rabinta. Wani dattijo da yakan zauna da mu bayan isha'i ya dubi hannuna na hagu kawai ya ce, "Yaro, wanga rabin naka bai rage ba." Bai san me aka yi ba, amma ya san ba a ɗauke komai ba. Malamin ya ambaci sunkuyar da hannu a taƙaice ya wuce, alhali dabarar gaba ɗaya a kansa ta dogara. Sai na ce, "Baba, a sake," na koma wata hanya.

Ta biyu ita ce ruɗin zurfi, wadda ake danganta wa Dai Vernon, mai siddabarun karta haifaffen Ottawa ta Kanada a 1894, kuma wani mai wannan sana'a, Ed Marlo na Shikago ta Amurka, ya buga bayaninta a 1962. Malamin ya faɗi wannan tarihin, ya kuwa kyauta, don da yawa suna koyar da abin wasu kamar su suka ƙirƙira. Katin sama kake ɗagawa kaɗan ta baya, ta ɓangaren ƙirjinka, bakin gaba kuma ya zauna lif. Idan ka cusa katin mutum cikin wannan tsagar, wanda ke gabanka zai rantse a tsakiyar karta ya shiga. Akwai ɗan gishirin da ya ƙara: kafin ka cusa, ka fara dungurar tsakiyar kartar ta baya har wasu katuna su leƙo ta gaba, ka mayar da su, sannan ka saka a tsagar. A gaban madubi abin har tsoro yake ba ni.

To a nan ne babbar matsalar darussan take. Duk bidiyon ta gaba aka ɗauka, da mai kallo ɗaya ko biyu zaune a ƙetaren tebur, sun naɗe hannu. Wa ya taɓa ganin haka a fada? Kana kan benci, wani na kan tabarma yana fifita gawayin shayi, biyu na tsaye a bayanka, ɗan kabu-kabu ya faka ya leƙo ta kafaɗarka, ga yara ta ko'ina. Ruɗin zurfi ba ya rayuwa idan akwai ido a baya. Ba laifin dabarar ba ne, haka aka gina ta, amma wanda ya karɓi kuɗin mutane ya kamata ya juya kyamara ya nuna ta ina asiri ke tonuwa. Bai yi ba ko sau ɗaya. Yanzu sai na jingina da bango nake yin ta.

Jan ƙasa, wanda ake jingina wa Hofzinser, mai siddabaru na Biyana ta Ostiriya da ya rasu a 1875, ya fi jure taro. Kana baza karta daga hannu zuwa hannu, mutum ya taɓa ɗaya, ka nuna mishi, sannan yatsun dama su janye katin ta ƙarƙashin bazawar ya bi sauran a ɓoye, kana rufewa ya koma can ƙasa. Ta sama babu abin gani. Ta ƙasa kuwa komai a fili yake, wato yaron da ke zaune a ƙasa ya fi kowa ganin aikinka. Maganinsa ka sauko kan tabarma, ko ka riƙe hannu daidai gwiwa. Bayanin malamin a kan riƙon yana da kyau ƙwarai, musamman gargaɗin kada babban yatsan hagu ya tsaya cak lokacin jan, don tsayawar ita ke jawo ido.

Kusan kashi ɗaya cikin uku na darussan ya tafi a kan juyen ɓoye, inda rabi biyu na karta ke musanya wuri cikin ƙiftawar ido a ƙarƙashin hannu. A hannunsa abin sha'awa ne. Shi da kansa ya ce aikin shekaru ne, kuma ban ga abin da yake yi a cikin darussan ƙarfin hali ba. Na kalla na wuce.

Abin da ya ɗan ɓata mini rai shi ne yadda ya raina yankan ƙasa sau biyu, ya ce na ƴan koyo ne. Ka riƙe tsaga da ƙaramin yatsa a bisa katin, ka yanko rabin na ƙasa ka ɗora sama, ka yanko ragowar har tsagar ka ɗora, kati ya hau sama. Ko an kewaye ka ta kowane gefe yankan karta kawai ake gani, abin da ƴan belot ke yi kullum. Da ita na fi cin nasara a Maraɗi, ba da waɗanda na biya kuɗi dominsu ba.

Wasu kan ɗan ja baya idan suka ga karta, ko don tunanin caca ko na sihiri. Tun farko nake cewa wayon hannu ne, ba kuɗi a ciki, ba aljani. Hakan ma ya fi sa su zuba ido.

Ba a iya sauke bidiyon a waya, dole sai ta intanet kowane lokaci, kuma darasi irin wannan sai ka maimaita daƙiƙa goma sau barkatai. Kuɗin da ya tafi a data ba kaɗan ba ne. Na rubuta wa masu darussan a kan haka, amsar da ta zo ta na'ura ce. Faransancinsa ma da sauri, babu rubutu a ƙasa.

Wanda zai saya ya tanadi karta mai 52. Ta belot mai 32 ta yi siriri, tsagar ruɗin zurfi ba ta samun kaurin da za ta ɓuya a ciki. Ta roba da ake samu a babbar kasuwa kuma ko ta manne ko ta zame gaba ɗaya. Ni Bicycle nake amfani da ita, samfurin Amurka da ake bugawa tun 1885, ta hannun wani mai zuwa Kano na samu. Lokacin hunturu yatsu kan bushe har su kasa kama kati a jan ƙasa. Ɗan man shafawa kaɗan ya isa, amma a bari ya shige fata kafin a taɓa kartar, in ba haka ba gefenta ya yi baƙi.