Faifan DVD-R da nake ajiye hotunan iyalina a ciki

Tun ranar da kwamfutata ta mutu da hotunan auren ƙanwata a cikinta na koma ajiye abubuwa a faifai. Na sayi DVD-R guda 50 da 'yar na'urar rubuta faifai mai shiga ta USB, tunda yawancin sababbin kwamfutocin hannu ba sa zuwa da ita.

Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne, duk abin da ka zuba a DVD-R ya zauna ke nan. Ba ya goguwa ko bisa kuskure. A jikinsa an rubuta 4.7 GB, amma kwamfuta wajen 4.38 za ta nuna maka, don haka ba na cika shi maƙil.

Gaggawa ta ɓata mini faifai biyu da na rubuta su a gudun 16x, wato da sauri sosai. Yanzu a 8x nake rubutawa, sannan in sa manhajar ImgBurn ta sake karanta faifan ta tabbatar komai ya shiga.

Wani rini da ke cikin faifan ne ke riƙe bayanan, rana da zafi kuwa na lalata shi, shi ya sa nake mayar da faifan kwali cikin durowa, kuma ta gefe nake riƙe shi. Dogon bidiyo kam ya fi ƙarfinsa, sai BD-R, wato faifan Blu-ray mai ɗaukar 25 GB.