Hadarin da ya bi ta kan Maradi ya isko ni a Amurka

Ranar Juma'a ce, 7 ga Satumba 2018, muna zaune a ɗakin cin abinci na mangazar da nake aiki a Girinsboro, jihar Karolina ta Arewa. Talabijin na kunne, mai hasashen yanayi yana nuna wani farin dunƙule kamar faifai a tsakiyar tekun Atilantika. Ya ce guguwar teku ce, sunanta Fulorans, kuma nan da mako guda tana iya dira a jiharmu. Sai ya ja yatsa baya, ya bi sawunta har tsibiran Kap-Ber, har gaɓar Senegal da Gini, ya ce ranar 30 ga Agusta ta baro Afirka. Wani dattijo da muke ɗaukar kaya tare ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗan'uwa, daga wajenku aka aiko mana da ita."

Na aje cokali. Taswirar da ke gabana ta gida ce, ga Nijar nan ana ganin ta. Ni da na tashi ina kallon hadarin gabas yana haɗowa da la'asar, baƙi ƙirin, jar ƙura na gabansa, mata na kwashe shanya, yara na kora awaki, ban taɓa tambayar inda yake zuwa ba in ya wuce ta kanmu ya yi yamma. Ashe a nan akwai mutanen da aikinsu ke nan dare da rana, su ƙura wa samaniyarmu ido tun hadari bai bar ƙasar Hausa ba.

Daga ranar na shiga bin maganar, kuma ga abin da na fahimta. A damina Sahara na tafasa, kudu kuma wajen tekun Gini akwai sanyi da laima. Saɓanin nan yana haifar da wata iska mai ƙarfi can sama, tana gudu daga gabas zuwa yamma, tana lanƙwasa kamar tafiyar maciji. Kowane kwana 3 zuwa 5 lanƙwasa ɗaya na wucewa da tarin hadarinta, ta ratsa Chadi, Nijar, Burkina, Mali, ta faɗa teku. Ruwan malka da muke shuka gero da shi ke nan. Yawancinsu a teku suke mutuwa, kuma abin da ke kashe su sau da yawa namu ne, wato busasshiyar iskar Sahara da ƙurarta. Wadda ta tsira ita ce ta iske ruwan teku da ɗumi, digiri 26 da rabi ko fiye, ɗumin kuma ya nutsa kamar mita 50. Tururi ya tashi sama, ya zama girgije, ya saki zafin da ya ɗauko, zafin ya ƙara ɗaga iska. Ƙasa sai ta zama kamar an yi rami a cikin iska, iskar gefe ta ruga ta cike shi, ta ɗauko sabon tururi. Juyawar duniya ke karkata ta, ta hana ta shiga kai tsaye, sai ta yi ta kewaya. A arewacin duniya tana juyawa saɓanin hannun agogo, a kudu tana bin hannun agogo, a kan layin da ya raba duniya biyu kuwa ba ta haihuwa sam, don a can karkatawar ba ta da ƙarfi.

In gudun iskar ya kai kilomita 63 a awa sai a raɗa mata suna. In ya kai 119 ta zama cikakkiya. A Atilantika hariken ake ce mata, a wajen Japan da Filifin taifun, a tekun Indiya saiklon, amma halitta ɗaya ce. Tsakiyarta akwai ido mai faɗin kilomita 30 zuwa 60, lafiya lau, har rana ake gani, bangon da ya kewaye idon kuma nan ne masifar take.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne hidimar da aka gina a kan wannan sani. Akwai cibiya a Mayami da ke fitar da bayani kowace awa 6, da hasashen kwana 5. Akwai jirage da ke kutsawa cikin guguwar da gangan su saki na'urori su auna ta. Mako guda kafin Fulorans ta iso gwamnan jiharmu na lokacin, Roy Cooper, ya sa dokar ta-ɓaci. Mutum fiye da miliyan ɗaya aka umarta su bar bakin teku, aka buɗe makarantu su kwana. Wayar kowa tana kururuwa da kanta in haɗari ya matso, ba ka biya ko dala ba, ba ka yi rajista ba. Ranar 14 ga wata Fulorans ta shigo ta kusa da Wilminton, birnin da ke bakin teku. Ƙarfinta ya ragu daga mataki na 4 zuwa na 1 a ma'aunin ƙarfin guguwa, amma sai ta tsaya tana jan ƙafa tana zuba ruwa. Wani gari ya samu sama da milimita 900 cikin 'yan kwanaki, kusan ruwan damina biyu na Maradi. Ruwa ya yanke Wilminton daga sauran jihar. Fiye da mutum 50 suka rasu. Na yi ta tunanin me za a ƙirga da wannan ruwan ya sauka ba a sanar da kowa ba.

Kada ku ɗauka komi zuma ne. Kwana uku kafin ta zo na shiga babban kanti, na tarar da wurin ruwan gora wayam, wurin burodi wayam, batir babu. Wani ya cika kura biyu da ruwa, wata tsohuwa na tsaye bayansa hannu sake, ko kallon ta bai yi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. A kasuwar Maradi da an samu wanda zai ce masa ya ji tsoron Allah. Wata guda bayan haka wata guguwar, Maikel, ta biyo ta kanmu daga kudu, ta kayar da itatuwa, muka kwana huɗu ba wuta. Nan na ga raunin gidan da komi nasa na lantarki ne: ba girki, ba ruwan zafi, naman da ke firiji ya lalace, ga shi ba murhu ba gawayi, ba tsakar gida da za ka hura wuta. Reshe ya faɗo a kan motata, kamfanin inshora ya yi ta yawo da ni a waya makonni, kowane kira sai na'ura ta amsa. Maƙwabcina da ruwa ya shiga ɗakinsa na ƙasa ya tarar inshorar gida ba ta biyan ɓarnar ambaliya, wannan daban ake sayen ta. A gida katangar mutum in ta faɗi, kafin azahar samarin unguwa sun kwaɓa ƙasa. Na yi kewar wannan har cikin ƙashina. Kuma su ma Amurkawan guguwa tana kayar da su: a Satumban 2024 Helen ta haura duwatsun yammacin jiharmu, inda ba wanda ya zaci guguwar teku, ta kashe mutum sama da 100, birnin Ashbil ya yi fiye da kwana 50 ba ruwan famfo na sha.

Ba hariken kaɗai ce guguwa mai juyawa ba. Akwai ta lokacin sanyi, wadda ba ruwanta da ɗumin teku, karon iska mai sanyi da mai ɗumi ke haifar da ita, ta fi hariken faɗi, ita ke kawo mana ƙanƙara. Akwai kuma wadda na fi tsoro, tonado, siririya, daga cikin hadari mai tsawa take zuro hanci ƙasa. Ranar 15 ga Afrilu na wannan shekarar ta 2018 ɗaya ta ratsa gabashin Girinsboro, ta yaye rufin gidaje da makarantu, ta kashe mutum ɗaya. Mintoci kawai ta ba mu, wayoyi suka yi ihu, muka shige banɗaki da yara. Guguwarmu ta bazara, mai ɗauke leda da kara a fili, wadda ake hana mu shiga muna yara, ita ce autarsu. Zafin ƙasa ke tashe ta, ba ta buƙatar girgije.

To mu fa, 'yan uwa? Masana muna da su. Cibiyoyin nazarin yanayi na AGRHYMET da ACMAD duk a Yamai suke, ƙasashe da dama na shan hasashensu. Mu ne in an ce gobe za a yi ruwa mai yawa sai wani ya taɓe baki ya ce ana shiga gaibu. Auna girgije ba duba ba ne, kuma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Mu ne ke sayen fili a kan hanyar ruwa don ya fi araha, mu ne ke cusa leda da shara a magudana duk rani, alhali garinmu Maradi kansa ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta taso shi daga kwari ta maido shi tudu. Ambaliyar da ta auka wa Maradi ƙarshen Agustan 2024 ba sai na tuna muku ba. Kada kuma a ce talauci ne. Bangaladash a 1970, tun tana Gabashin Pakistan, saiklon ɗaya ta kashe mata mutum aƙalla 300,000. Suka gina mafaka, suka horar da 'yan sa-kai masu bin ƙauyuka da lasifika, yanzu irin wannan guguwar tana zuwa ta wuce ba ta ci ko kashi ɗaya cikin ɗari na wancan adadin ba. Lasifika kuwa kowane masallaci a unguwanninmu na Bagalam da Zariya yana da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tun daga 2018, in Agusta ya kama, kowace safiya nakan buɗe hoton tauraron ɗan'adam a waya kafin in fita aiki. In na ga dunƙule ya taso daga wajen tafkin Chadi sai in kira gida. Bara na ce, "Inna, yau kada ku kwana ɗakin ƙasa, ku koma na Yaya." Ta yi shiru, ta ce, "Kai daga can kake ganin hadarinmu?" Na ce ina gani. Ta ce, "To, Allah ya yi maka albarka, bari in sa a kwashe tabarmi."