Nolan ko Gunn: wa ya dace da jaruman littattafan zane?

Masu kallo sun sha tambayata: in za a mayar da littafin labarin zane ya zama fim, wane darakta ya kamata a danƙa wa, Christopher Nolan ko James Gunn?

Nolan janyo jarumi yake zuwa duniyarmu. A fim ɗinsa na jarumi Batman, The Dark Knight na 2008, tirela ta gaske ya kifar a titin Chicago, ba aikin kwamfuta ba, har kana jin ƙarar ƙarfen a ƙirjinka. Irin wannan aiki akwai cin kuɗi da wahala, amma ba ya saurin tsufa, kuma fim ɗin ya kawo sama da dala biliyan 1. Sai dai hannunsa da nauyi. Labarin raha shaƙewa zai yi a wurinsa.

Gunn kuwa ba ya kunyar launi da wasa. A 2014 ya ɗauko jaruman Guardians of the Galaxy, waɗanda ba kowa ya san su ba, har da bishiya mai magana, ya sa mutane suka zubar musu da hawaye. Matsalarsa, barkwanci kan yi yawa inda ake son natsuwa.

Jarumi guda mai tabon zuciya a birnin da miyagu suka addaba, Nolan ne gwaninsa. Taron baƙin halittu masu tsama da juna amma ba sa rabuwa, a bar wa Gunn.