Montec ta G5 a kan sandar kibiya ta Easton Axis, ra'ayina bayan farautar elk

Gaskiya tun da na koma Montec, wato kan kibiya na kamfanin G5, mai nauyin giren 125 (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne), hankalina ya kwanta. Ƙarfe ne guda ɗaya, baki uku, babu wani abu da zai buɗe ko ya kwance, ka ɗaura kawai ka harba.

Elk fa, wato wata irin babbar barewa, ba ƙaramar dabba ba ce, namijin yakan wuce kilo 300, ga fata mai kauri ga haƙarƙari masu faɗi, shi ya sa a watan Satumba a duwatsun Kolorado ta Amurka da muka samu wani ya tsaya mana a gefe tazarar yadi 30 ban yi wata-wata ba, kibiyar ta shiga bayan kafaɗa ta fita ta ɗaya ɓangaren, muka tsince ta cikin ciyawa jina-jina, bakin ko lanƙwasa bai yi ba. Kafin nan na taɓa amfani da irin kan kibiyar nan mai bakuna masu buɗewa in ta daki dabba na wani kamfani, ta daki ƙashi ta tsaya, wallahi har yau abin yana damuna don dabbar ta wahala.

Sandar Axis siririya ce, iska ba ta cika kaɗa ta ba, ni dai duka kibiyata ta kai giren 480 da baka mai jan fam 70, kuma ka duba taurin sandar ya dace da bakanka, in ba haka ba kan zai riƙa karkata.

Amma ita Montec ɗin, ka wasa ta da kanka a kan dutse mai lebur kafin ka fita, har sai ta aske gashin hannu.